Cittar da Ta Ƙetare Darni

A Tsamaye, idan ka bi lungun da ke bayan masallacin unguwarmu, za ka tarar da gidaje biyu da darnin kara ɗaya ya raba. Na gabas gidan kakata ne, Hadiyya, inda na tashi. Na yamma kuwa na Inna Saude mai fura. Taubasai ne su biyun, don uwar Inna Saude ƙanwar uban kakata ce. Tun ina rarrafe nake jin kakata tana ɗaga murya ta saman darni da safe.

"Baiwata, kin tashi, ko sai na aiko da bulala?"

"Aiko, uwargijiyata," in ji Inna Saude, "dama itacen girkina ya ƙare."

Inna Saude gajeruwa ce, siririya, ta ba sittin baya. Taɓarya ta mayar da tafin hannunta kamar fatar ganga. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta Naja'atu tana aure a Isa, ita kaɗai ta rage a gidan da turminta. Kullum da hantsi za ka gan ta a gindin dogon yaron tsakar gidanta, ga ƙwaryar fura, ga ludayi, matan rugga suna sauke mata nono. Ba ta taɓa wuce Isa da Sabon Birni ba a rayuwarta. Amma a bayan randarta akwai wani abu da ya zo daga nesa, wanda duk garin babu mai irinsa.

Citta ce, mai yatsu, shukakkiya, ɗanya. Mu a nan busasshiya muka sani, wadda ake aunawa a kasuwa tare da kanumfari da barkono. Da yawanmu mun ɗauka saiwar wata itaciya ce a can wata ƙasa. Ta Inna Saude kuwa da damina takan miƙe har gwiwar mutum, ganyenta sirara masu tsini kamar na ƙaramin rake. In ka murza ganye ɗaya, ƙamshin zai bi yatsunka har la'asar.

Kalilu ne ya kawo ta, ɗanta na fari. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna Saude kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa. "Wancan yaron" take ce masa, ko ta ce "mutumin nan". Kakata ta ce lokacin da yake ƙarami, in ya faɗi ya fasa gwiwa, ba ya zuwa wurin uwarsa. Akwai wata 'yar kafa a gindin darni, daidai bayan randa, ta nan yake kutsowa da ciki ya faɗo gidanmu, kakata ta share masa hawaye ta ba shi ɗumame. Uwar tana jinsu, tana daka, ba ta ko waiwaya.

Da ya girma sai ya riƙa zuwa cin rani. Wata shekara ya yi kudu, can ƙasar Kaduna, inda ake noman citta gona-gona, ya yi aikin tono wata uku. Ya dawo da ƙunshi a hannu, ya durƙusa nesa da turmi.

"Inna, ga tsaraba."

"Aje can," ta ce, idonta a kan gero.

Ya aje. Da yake ya san ba za ta tambaye shi komai ba, sai ya je jikin darni ya kira kakata, ya riƙa ba ta labari da ƙarfi, yadda na bayansa zai ji. Ya ce ƙasar can ja ce, ruwa yana kwana yana zuba, duwatsu ma kore ne. Ya ce su can ba ƙwaya suke shukawa ba, ita kanta cittar suke binnewa, ta yi ta miƙa yatsu a ƙarƙashin ƙasa.

"In rani ya yi sai ta kwanta awa ta mutu, Inna Hadiyya. Amma barci na. Ruwa na sauka ta tashi."

Kakata ta ce duk tsawon labarin nan taɓaryar Saude ba ta tsaya ba, sai dai ta rage sauri, tana sauka a hankali don kar ta danne maganar.

Inna Saude ta jera cittar a kan rairayin da ke gindin randa, inda kullum akwai danshi, don kar ta yanƙwane. Tana ɗiba kaɗan-kaɗan tana sa wa fura har ta ƙare. Ba ta lura ba ashe wani ɗan yatsa ya zame bayan randa, rairayi ya rufe shi. A bazarar shekarar nan zazzaɓi ya kama Kalilu, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Mata suka cika gidan da kuka. Uwar ta zauna a bakin ƙofa tana amsa gaisuwa, idonta a bushe, kamar yadda aka san uwar ɗan fari da yi.

Bayan ruwan farko da mako biyu, ta sunkuya za ta ɗebi ruwa, sai ta ga wani tsiro a bayan randa, a naɗe kamar tsinken da aka yi wa riga. Har ta kai hannu za ta tuge, ƙamshin ya tsayar da ita.

Daga nan shekara tara cittar tana tare da ita. Kowace damina takan fito da yawa fiye da na bara, kuma ba a inda ta kwanta ba, sai ta matsa gaba kamar ɗani ɗaya. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya dasa. Mutane suka riƙa shigowa kallo. Manoma suka ce in ta yi kai a sam masu iri, suka yi ta jira, ba ta taɓa yin kai ba. Inna Saude ba ta tona ta sai sau ɗaya a shekara, ran jajibirin Babbar Sallah, ta sa yatsa ta ɓallo ɗan guntu daga gefe ta mayar da ƙasa. In aka tambaye ta dalilin wannan hidima, sai ta ce, "Hura ta hi gardi da ɗanya." Ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Kakata kuwa ba ta bar ta ta huta ba. Ruwan da ake zuba wa cittar yana gangarowa gindin darni.

"Baiwata, ciyawar ga taki za ta ruɓar min da darni! Ke kaɗai na gani tana ba haki ruwan sha awa baƙo."

"To ai baƙon na. Ke da ba ki da baƙi, mi kinka sani?"

Ni nakan zauna a wurinta bayan azahar, in na dawo gida. Ba mai yawan magana ba ce, amma in ka yi shiru ka daɗe, maganar takan fito da kanta. Iska tana kaɗa ganyen dogon yaro, inuwa tana yawo a kan cittar, ita kuma ta jingina da itaciyar, ido rabi a rufe. Wata rana ta ce mini, "Kai kana ganin tsaye take. Tahiya takai. Ƙarƙashin ƙasa takai ta, ba ta son a gani." Wata rana kuma ta ce in gyangyaɗi ya ɗauke ta a wurin, takan ga kanta a wata ƙasa ja, ruwa yana zuba ba iska, ganye har ƙugu, wani yana gabanta yana tono, bai juyo ba, ita ma ba ta kira shi ba. Ta ce haka suke yi har a kira la'asar. Ban tambaye ta ko wane ne ba.

A shekara ta tara, bayan an gama girbi an ɗaure dammuna, aka aiko daga Isa cewa Naja'atu ta haifi tagwaye. Dole uwar ta je ta zauna mata har arba'in. Sai ta aika Kurawa aka kira Marwan, ɗan ƙanin mijinta, ya zo ya tsare gida. Marwan manomi ne na gaske, magidanci mai 'ya'ya uku, irin mutumin da ba ya iya zama ya ga aiki a gabansa. A Kurawa gidansa ake zuwa neman irin gero in na wasu ya lalace. Da za ta hau babur, Inna Saude ta nuna bayan randa da haɓa.

"Ka lura min da waccan."

"In sha Allahu, Inna. Ba abin da ka samun ta."

Kakata ta raka ta Isa don suna, ta yi mako guda. Ni kuma lokacin ina kabu-kabu a Sabon Birni, sai Juma'a nake leƙo gida. Ba kowa a gefen darni.

Marwan ya duba cittar ya ga ganye ya yi rawaya, kara ya kwanta. A idon manomin gero, wannan amfani ya ƙosa, in aka bar shi a ƙasa gara ce za ta ci. Ya nemi zangarniya bai gani ba. Ya sa hauya, sai ga yatsu cunkus, wasu a kan wasu. Ya yi murna. Ya bi wurin a hankali ya tone tas, har ya tankaɗe rairayin da hannu don kar ya bar ko ɗaya. Sannan ya yi mata abin da ubansa ya koya masa a yi wa iri mai daraja. Ya kankare ƙasar, ya tsattsaga manyan don su bushe da wuri, ya baza a kan rufin ɗaki rana ta dake su. Da suka bushe ƙayau, ya gauraya da toka kamar irin wake, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka.

Ran da Inna Saude ta dawo ni na ɗauko ta. Ta shiga gida, ko mayafi ba ta sauke ba ta nufi randa. Wurin a share yake fes, har da sawun tsintsiya. Marwan ya fito daga ɗaki rungume da tulu, fuskarsa cike da fara'a.

"Inna, ga ajiyarki. Na ga ta ƙosa, na ji tsoron gara. Kwana goma tay yi bisa ɗaki, ko ɗigon danshi babu. Wagga ko shekara ukku tay yi, ba ƙwaron da ka taɓa ta. Ruwa na sauka sai ki shuka abinki."

Ta dubi tulun, ta dubi Marwan. Ta sa hannu biyu ta karɓa, kamar mai karɓar jariri.

"Madalla," ta ce. "Ka sha aiki. Allah shi yi ma albarka."

Ya koma Kurawa da yammar nan yana jin daɗi. Ita kuma ta kai tulun ƙuryar ɗaki ta aje, ba ta fasa lakar ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. In ta yi, sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa yana da suna, sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba. Ta ci gaba da fura da cittar kasuwa. Amma ta daina zama a gindin dogon yaro bayan azahar. Ta janye randa zuwa bakin ɗaki, rairayin ya bushe ya yi fari. Abinci sai an matsa mata. Da safe in kakata ta ce, "Baiwata, kin tashi?" sai a ji, "Na tashi," shi ke nan. Cikin wata biyu zanenta ya fara zagaya ta sau biyu. Da na ce mata ko tana zuwa ƙasar nan ja har yanzu, ta girgiza kai. "Hanya ta ɓace," ta ce.

Wata safiya na tarar da kakata tana kwashe itacen girkinta daga gindin darni. Ta kwance akuyarta ta mayar da turken can bayan rumbu. Ta ɗauko dutsen da take zama a kai in za ta yi alwala, ta dasa shi a wurin. Na tambaye ta lafiya. Ta jawo ni kusa ta rage murya.

"Daminar bara na ga ganye biyu nan bayan itace. Kahin in duba da kyau, shegiyar akuyar ga ta lashe su. Ban sani ba ko ita ta, ko haki na."

"To mu tona mu gani mana, Kaka."

Ta daka mini duka a kafaɗa. "Tono! Tono na ya jawo muna wanga abu. Ba mai ƙara sa ma ƙasar ga ƙarhe."

"Ko a faɗa wa Inna Saude, ta ɗan ji sanyi?"

"In ce mata akwai, ruwa shi sauka a ga babu? Sai in kashe ta sau biyu? Ka kama bakinka."

Na kama. Kakata ta lulluɓe wurin da busasshen ganyen dogon yaro. Tun daga ranar, sau biyar a yini, a nan take alwala, ruwan yana sauka daga gwiwar hannunta zuwa ƙasa. Bazara ta shigo da zafinta, rijiya ta yi ƙasa, guga sai an ƙara masa igiya. Ruwan da aka wanke gero, ruwan ɗaurayar ƙwarya, duk nan take kai su. Wurin dai ƙasa ce kawai, ba abin da ke motsi.

Inna Saude tana jin zubar ruwan ta bayan kara. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Ran nan dai abin ya ishe ta.

"Uwargijiyata, mi darnin ga ya yi miki? Za ki ruɓar min da shi."

Kakata ta kusa sakin buta don murna, watanni ke nan ba ta ji an tsokane ta ba. "Darnin ubanki na? Baiwa da kayanta duk nawa na. In na so in yi mai wanka da sabulu."

"Tsuhwa dai ba ta yi miki daɗi ba."

Ruwan farko ya sauka ran wata Talata da la'asar, mai yawa, har kwaɗi suka yi kuka. Gari ya fita shuka. Kakata ta riƙa ɗaga ganyen da tsinke tana leƙawa. Kwana biyar babu komai. Gero ya tsiro a gonaki, haki ya rufe bakin hanya, har a kan katangu ciyawa ta fito, wurin nan kaɗai shiru. A kwana na tara ta ce mini, "Haki na, ashe. Na yi ta ba ƙasa ruwa a banza." Amma da azahar na gan ta a kan dutsen da butarta.

A kwana na goma sha uku, da hantsi, sai ga shi. Tsiro ɗaya, a naɗe, ya huda busasshen ganye ya ɗaga shi sama kamar hula. Kakata ta hana ni magana. Ta jira kwana uku, har ganyen farko ya buɗe, wasu biyu suka biyo shi. Ta murza gefen ganyen ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta miƙe ta riƙe ƙugu ta fuskanci darni.

"Baiwata! Ke Saude! Zo ki kwashe kayanki. Kalilunki ya kutso min gida ba sallama."

Taubashiya ce kaɗai za ta iya jefa mata sunan nan a fuska. Taɓarya ta tsaya a can gefe. Sai muka ji takunta, ta fita ta zaure, ta zagayo ta ƙofarmu, hannunta fari fat da gari. Kakata ta nuna mata da ƙafa. Inna Saude ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba ta tsinki ganyen ba, ta dai sa shi tsakanin yatsu biyu ta shafa, ta kai hanci. Ta dubi gindin darnin, ta gane wurin. Daidai tsohuwar kafar nan ce.

"Ke dai ba ki da kunya, Hadiyya," ta ce. Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Can ta ce ta cikin mayafin, "Dama tun yana ƙarami gidanki ya hi so."

"To ina laihinai? Nan aka ba shi ɗumame."

A ranar ta fasa lakar tulun. Ta kakkaɓe tokar, ta wanke, ta zuba a turmi ta daka da gero, duk lungun ya ɗauki ƙamshi. Ba ta sayar da furar ranar ba, rabawa ta yi. Ta sa aka kai wa Marwan tasa har Kurawa, da saƙon cewa ya zo bayan noman farko za ta nuna masa wani abu. Da ya zo ya ji yadda aka yi, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ta ce masa, "Tashi. Kai gero ka sani, kuma adalcin gero ka yi mata. Wagga dai ba a raba ta da ƙasa."

Kakata ta ƙi yarda a mayar da cittar. Ta ce abin da ya shigo gidanta da ƙafarsa nata ne. Sai dai ta zare kara huɗu daga gindin darnin, aka sami 'yar taga. Inna Saude ta mayar da randa mazauninta na da, ta koma shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, inda in ta kishingiɗa tana hango koren ganye ta tagar.

Damina biyu ke nan da yin haka. Jiya bayan azahar na same ta a wurin, ido rabi a rufe, ludayi a hannu. Na zauna kusa da ita. Can ta ɗaga ludayin ta nuna mini gindin darni, ta gefenta. Wani ɗan tsiro ne a naɗe, bai kai tsawon yatsa ba.

"Kar ka hwaɗa ma Hadiyya," ta ce a hankali. "Gida za ya."